Guzurin Hanya: Yadda Gyaɗa Ta Zama Abincin Aku

Aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda Bahaushe ke nufi idan ya ce aku, ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Ka bi dajin Falgore ko na Rugu ƙafa da ƙafa, ba za ka ji kukansa ba. Namu na gida su ne tsirya, koriya mai doguwar jela, da ɗan'uwanta mai ruwan ɗorawa a ciki, waɗanda ke sauka kan zangarniyar dawa da kaka su bar manomi da jifa da ihu. Shi mai tokar, gidansa kurmi ne: daga kudancin Ghana, ta kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon, har dazuzzukan Kwango da gefen tafkin Biktoriya. Saboda haka duk akun da aka taɓa gani a zauren wani attajiri a Kano ko Katsina ko Damagaram, ɗauko shi aka yi. Ko a kan ɗan dako ya zo, ko a bayan jaki, ko a taragon jirgin ƙasa, ko a saman motar goro. Wannan doguwar tafiya ce ta yanka masa abincin da muke zuba masa har yau, muna zaton shi ne cimarsa.

A kurmi aku ba ya zama wuri ɗaya. Da asuba garken ya tashi daga itacen da ya kwana, ya yi tafiyar kilomitoci yana neman inda wani abu ya nuna, sai almuru ya komo. Yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri, da ƙwayoyinsu, da fure, da toho, har da ɓawon itace. Abin da ya fi so shi ne kwakwar manja, ba ƙwallon ba, jan naman da ke lulluɓe da shi, wanda daga cikinsa ake tatsar manja. A wasu filaye da ke tsakiyar kurmi, irin na gandun Lobeke a kudu maso gabashin Kamaru, ana ganin ɗaruruwansu sun sauka ƙasa suna cin laka da ciyawar fadama. Abincin wannan watan ba shi ne na watan gobe ba. Kuma duk abin da ya ci, sai da ya yi masa aiki: ya tashi, ya rataya da ƙafa ɗaya, ya ɓare, ya fasa.

To, kurmin da ke ba da goro shi ne kurmin aku, don haka hanyar ɗaya ta zama hanyar ɗayan. Tun zamanin Sarkin Kano Yakubu, a ƙarni na 15, Tarihin Kano ya ambaci fataucin Gwanja. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, inda goron Asante ke jiransu. Ka ɗauka falke ya sayi ɗan aku a can, zai kai wa sarki gaisuwa ko ya sayar wa mai hali. Me zai ba shi daga zango zuwa zango? Kwakwar manja ba ta jure tafiya. Kwana kaɗan da yanko ta sai ta fara ɗoyi da fumfuna. Ayaba da gwanda ba a ma maganarsu. Abin da ke cikin taikin falke shi ne abin da rana da raɓa ba sa lalatawa: hatsi, busasshiyar masara, gyaɗa. Tsuntsun da ya karɓi wannan ya iso da rai. Wanda ya ƙi, an yar da gawarsa kafin a ƙetare Kwara. Da aka iso gida, mai saye ya tambayi abin da yake ci, falke kuwa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani: gyaɗa da masara.

Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne, daga gyaɗar har masarar babu 'yar Afirka. Gyaɗa daga Kudancin Amurka take, masara daga Meziko, kuma jiragen Turawan Fotugal ne suka kawo su gaɓar tekunmu bayan shekarar 1500. Kakannin aku sun yi dubban shekaru a kurmi ba su taɓa ganin ƙwayar gyaɗa ba. Gaskiya ne yanzu na daji yakan faɗa wa gonar masara idan ya samu, amma ɓarnar kwana biyu a gona daban, zaman shekara da shekaru kan abu ɗaya daban.

Can ta teku ma labarin bai sake ba. Fotugal sun iso gaɓar da ake kira Ghana yau a 1471, suka gina ganuwar Elmina a 1482, kuma ba a daɗe ba aku mai toka ya shiga gidajen sarautar Turai. A cocin Westminster da ke Landan har yanzu akwai busasshen jikin wani aku na wata basarakiya, Frances Stuart, wanda ya zauna da ita shekara arba'in, ya bi ta kwanaki kaɗan bayan rasuwarta a 1702. Wannan ya nuna ƙarkon tsuntsun idan ya dace da hannu. Amma da jiragen ruwa masu tururi suka fara zirga-zirga tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma daga 1852, sai abin ya koma na kwasa. Ma'aikatan jirgi su saye su da arha a tashoshi, su cusa su cikin akwatuna kusa da zafin inji, su sauke a Libaful. Da yawa ba sa wuce 'yan makonni a hannun wanda ya saya.

A lokacin akwai wani camfi da ya zauna daram a Ingila, wai aku ba ya bukatar ruwan sha, wai ma ruwa kashe shi yake. Sai a jiƙa masa burodi da madara ko shayi ko kofi, a haɗa da dafaffiyar masara da 'ya'yan wata shuka dangin wiwi masu maiƙo. Wani likita mai kiwon tsuntsaye, W. T. Greene, wanda ya yi rubuce-rubuce kan aku a shekarun 1880, ya yi ta faɗa da wannan camfi. Ni dai ina ganin ba a nesa ya samo asali ba. A jirgin ruwa ruwan sha awo ne, kuma kwanon ruwa cikin akwatin tsuntsaye ɓari yake ya jiƙe komai. Abin da ya sauƙaƙa wa mai ɗauko kaya, shi ya rikiɗe ya zama ilimin kiwo. Daga baya 'ya'yan sanfulawa suka shigo, shukar Arewacin Amurka da Rashawa suka mayar ta mai, suka zama gyaɗar Turawa. Ba don an bincika an ga sun dace ba. Don ba sa ruɓewa a kanti, kuma aku na son su.

Mu a nan, jirgin ƙasa ne ya ƙarasa aikin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke sa ran samu, manoma suka zaɓi gyaɗa, kuma tsofaffin fataken goro irin su Alhassan Dantata, da suka san kowane ƙauye da kowane dillali, su suka zama manyan masu sayenta. Aka yi dalar gyaɗa. A garin da ake tara buhuna har su tasam ma sama, ba wanda zai tsaya tunanin abin da zai ba tsuntsu. Goro kuma ya matso kusa, domin ƙasar Yarabawa ta rungumi nomansa, Hausawa suka kafa unguwannin Sabo a Shagamu da Badun da sauran garuruwa. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Da an so, da kwakwar manja ta riƙa isowa tare da tsuntsun. Amma al'ada ta riga ta kafu.

Sai kuma ga Abubakar Imam da Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, inda aku ya yi ta zuba labarai har ya kai ga sarautar waziri. Duk wanda ya shiga makaranta a Arewa ya tashi da wannan aku a ransa. Ya ƙara wa tsuntsun daraja, ba shakka. Sai dai abin da muka riƙe shi ne bakinsa. Cikinsa bai dami kowa ba.

Baffana yana cikin waɗanda suka yi zaman Sabo a Shagamu, yana ɗaure huhunan goro da ganyen fita yana turowa Kano. Da ya tattaro ya dawo gida, ya zo da aku. Kejin waya ne, an rataye shi a kusurwar zaure inda rana ba ta kaiwa, don kada zafi ya dame shi. A ciki akwai gwangwanin madara biyu da aka ɗaure da waya, ɗaya na gyaɗa ɗaya na ruwa. Ran Juma'a a sa masa gaɓar rake. Ya iya sallama da muryar Baffa, har baƙo ya amsa ya tsaya jiran mai gida. Ya iya tarin wani tsoho maƙwabcinmu, da ƙarar ƙyauren gidan, da yadda Inna, matar Baffa, ke ƙwala wa yara kira. Idan Baffa ya zauna da hantsi ya ɓara goro, yakan gutsura ya miƙa masa ta tsakanin waya, ya ce, "Karɓi, abokina."

Inna ce kaɗai take da ja. Ta zauna a kudu, ta ga yadda mutanen can ke yi da nasu. Duk sa'ad da motar goro ta iso, takan sa yaron mota ya taho mata da 'yar kwakwar manja a ƙunshi. Ban manta yadda tsuntsun ke yi da ita ba. Tun kafin a buɗe kejin ƙwayar idonsa ta fara tsukewa tana buɗewa. Ya karɓa da baki, ya mayar ƙafar hagu, ya riƙe kamar yaro da mangwaro. Ya fara yage fatar a hankali, sannan ya bi naman zare-zare yana juya ta, harshen nan baƙi yana aiki, har bakinsa da gashin wuyansa su rine da ja. Gyaɗa ɗaya ba ta ɗaukarsa ƙiftawar ido uku, amma kwakwa ɗaya sai ya yi rabin hantsi a kanta, ya saki ƙwallon fes ya faɗi ƙasan keji, sannan ya goge baki a jikin sanda.

Takan ce, "Alhaji, wannan fa ita ce cimarsa, ba gyaɗa ba."

Shi kuma ya ce, "Wanda ya sayar mini da shi gyaɗa ya ce. Ke kin fi mai kamawa sanin aku?"

Tun kafin akun ya cika shekara goma a gidan, ya fara atishawa, hancinsa na toshewa da wani busasshen abu. Gashinsa ya dushe, ya riƙa fige na ƙirji. Daga baya ya soma faɗowa daga kan sanda da dare, ya yi ta karkarwa a ƙasan keji, fukafukai a buɗe, sai can ya farfaɗo. Aka ce iska ce. Wasu suka ce baki ne, tun da kowa ya zo sai ya yaba shi. An yi masa tofi, an zuba rubutu a gwangwanin ruwan. Wata safiya da sanyi aka tarar da shi ya sandare. Tsuntsun da kan yi shekara arba'in zuwa sittin a hannun mutane.

Yau duk likitan tsuntsaye da ka zayyana wa waɗannan alamu, kafin ka rufe baki zai ce maka ga inda zai fara dubawa. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, haka ma sanfulawa. Suna cika ciki, suna sa ƙiba, amma ba su da bitamin A, kuma sinadarin kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Idan bitamin A ya yi ƙaranci, lallausar fatar da ke cikin hanci da maƙogwaro da hanyar numfashi sai ta kaurara ta bushe, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Wannan shi ne atishawar da toshewar hancin. Jan da ke cikin naman kwakwar manja kuwa shi ne sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, irin wanda ke cikin karas. Ita ma kwakwar maiƙo gare ta sosai, amma a kurmi tsuntsun yana ƙone shi da tashi. Faɗuwa da karkarwa kuma sanannen ciwo ne na aku mai toka musamman, wanda ke zuwa idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini. Wani likitan dabbobi a Ingila, Michael Stanford, ya nuna cewa ba abinci kaɗai ba ne: tsuntsun na bukatar hasken rana ya taɓa jikinsa kafin ya samar da bitamin D, wanda shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yi. A Ingila rana ce babu. Mu da muke da ita har ta ishe mu, mun rataye shi a duhun zaure don tausayi.

Akwai wata illar gyaɗa da ba a gano ba sai a 1960. A shekarar, talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, ba a san dalili ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar da abincinsu na ɗauke da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil, ita kuma tana ɗauke da gubar da wata fumfuna ke fitarwa. Gubar ce ake kira afulatoksin. Hanta take ci, tsuntsaye kuma ba su da juriyarta. Suya ba ta kashe ta, kuma ba lallai ido ya ga fumfunar ba. Tana kama gyaɗar da fari ya taɓa a gona, ko wadda ba ta bushe sosai ba aka zuba a buhu. Yanzu ka tuna yadda ake yi a gidajenmu: a baza gyaɗa a faifai, a tsince masu kyau don miya da ƙuli-ƙuli, motsattsu da baƙaƙe da masu ɗaci a ce a watsa wa tsuntsaye. Wato ainihin waɗanda suka fi haɗari su ke zuwa keji. Ɓawon gyaɗa kuma, da yake a ƙasa ta nuna, yana iya ɗauko ƙurar fumfuna, aku mai toka kuwa yana cikin tsuntsayen da fumfuna ta fi saurin kama wa huhu. Ban ce ƙwaya biyu masu kyau, irin waɗanda kai ma za ka ci, za su kashe shi ba. Tukwici ce, a ba shi idan ya yi abin kirki. Ba tuwo ba ce.

Ilimin ciyar da aku, a matsayin ilimi, yaro ne. Sai a 1980 aka kafa ƙungiyar likitocin tsuntsaye a Amurka, kuma a farkon shekarun nan ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, cikinsu har da Tom Roudybush, suka fara auna ainihin abin da 'ya'yan wani ƙaramin dangin aku na Ostareliya ke bukata don su girma. Kafin nan, da ma'aunin kaji ake kintace. Daga irin wannan aiki aka samu dunƙulallen abinci na masana'anta, mai siffar abincin kifi, wanda aka niƙa hatsi da bitamin da ma'adinai aka cure wuri ɗaya. Hikimarsa ɗaya ce. Idan ka haɗa wa aku iri goma a kwano, zai tsince biyun da yake so ya watsar da takwas, ka ga kwano wayam ka ce ya cinye. Dunƙulen ba ya tsintuwa. Likitoci da yawa yanzu suna cewa shi ya kamata ya zama mafi yawan abincin, a cike da ganye da 'ya'yan itace. Ban musa amfaninsa ba. Sai dai shi ma ɗan kanti ne, an yi shi don ya jure ajiya, kuma tsuntsu mai kaifin ƙwaƙwalwa irin wannan, da ya saba ɓata yini wajen ɓara da fasawa, ya gama da shi cikin ɗan lokaci ya zauna yana kallon bango. A wajenmu ma tsadarsa ta sa zancen bai taso ba ga yawancin mutane.

Abin daɗin shi ne, kasuwarmu ta fi kantin Turawa kusa da kurmi. Duk abin da yake ja ko ruwan lemo ko kore shar, shi ake nema: karas, kabewa, gwanda, mangwaro, tattasai, dankalin Hausa mai jan ciki a dafa, ganyen zogale wanda ke da kalsiyam da bitamin A gaba ɗaya. Gero da dawa da masara ɗanya suna da wurinsu, kuma ya fi kyau a ba shi a zangarniya ko a goyo, ya sha wahalar cirewa da kansa. Wake sai an jiƙa an dafa shi lugub, domin ɗanyen wake na da guba. Ɗan dafaffen ƙwai jefi-jefi ba laifi. Kwakwar manja tana zuwa kasuwannin Arewa yanzu. Ɗaya ko biyu masu kyau, a wanke, sun isa, tun da na keji ba ya tashi ya ƙone maiƙon. Barkono ma yana ci hankali kwance, don tsuntsaye ba sa jin yajinsa yadda muke ji. Masu cewa barkono ke buɗe masa baki ya yi magana, su dai ci gaba da ba shi. Maganar ba daga nan take ba, amma jan barkonon na da amfani. A wanke ganye sosai saboda maganin feshin 'yan lambu. Abin da bai cinye ba a kwashe kafin zafin rana ya lalata shi, ruwa kuma a sake kullum, don aku na tsoma abinci a ruwansa. Sannan a fito da kejin tsakar gida da sanyin safiya, rabi a rana rabi a inuwa, ya zaɓa da kansa, ana lura da kyanwa da shirwa.

Abin da ke kashe shi kuma yawanci daga hannun masoyi yake fitowa. Fiya tana da wani sinadari da ke lalata zuciyar tsuntsu, kuma ɗan kaɗan na iya gamawa da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Cakulan da kofi da shayi an hana saboda sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri. Littattafan Turawa a nan suke tsayawa, don ba su san zaurenmu ba. Sinadaran nan guda biyu, na kofi da na cakulan, duka suna cikin goro. Abin da ke hana ƙato mai kilo saba'in barci, ka auna shi a jikin tsuntsun da bai kai rabin kilo ba. Har yanzu idan na ga dattijo na miƙa wa aku goro da fara'a, sai na rasa ta inda zan fara, domin a wajensa karramawa ce mafi girma. Haka ragowar abincinmu: gishiri da dunƙulen miya da soyayyen mai da albasa sun fi ƙarfin jikinsa. Madara ma ba tasa ba ce, hanjin tsuntsu ba ya narkar da ita yadda ya kamata. Ga kuma gwangwani mai tsatsa da sabuwar waya mai farin shafe, waɗanda yake gwaguya yini guda yana haɗiye ƙarfen da ke zame masa guba. Kwanon silba mai kauri ya fi.

Malamanmu sun halatta ajiye tsuntsu, suna kafa hujja da yaron nan ƙanen Anas ɗan Malik da ke da ɗan tsuntsunsa, Annabi (SAW) yana tambayarsa labarinsa. Amma sharaɗin da suke gindayawa shi ne ciyarwa da shayarwa, suna tunatarwa da matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. A ganina tambayar da zamaninmu ya ƙara ita ce ko cika gwangwani da abin da ke kashewa a hankali ya sauke wannan nauyi, bayan an san yana kashewa. Baffa bai sani ba. Mu mun sani.

Hanyar da ta kawo aku kuwa tana rufewa. Tun daga 1975 an fitar da fiye da miliyan ɗaya daga dazuzzukan Afirka ta hanyar da hukuma ta sani, ban da waɗanda suka mutu tsakanin danƙon mai tarko da filin jirgi, su ma ba kaɗan ba ne. Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji da dokar 1992, Tarayyar Turai ta dakatar a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da hanin na dindindin a 2007. Wani bincike da Nathaniel Annorbah da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna Ghana, ƙasar da kakanninmu ke zuwa sarin goro, ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992, saboda kamu da sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kogonsu. A ƙarshen 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, aka haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe, hanin ya fara aiki a farkon 2017. Duk da haka ana ganinsu a kasuwanninmu, a takure cikin keji ɗaya, ƙasan cike da ɓawon gyaɗa. Ni ba zan saya ba, ba kuma zan ba kowa shawarar ya saya ba, domin kowane ɗaya da aka biya kuɗinsa, an aika wa mai tarko saƙo ke nan ya koma daji.

Amma waɗanda ke cikin gidaje sun riga sun shigo, kuma wasunsu za su iya binne masu su. Wanda ya gaji irin wannan tsuntsu, ya sani aku mai toka na da taurin kai da tsoron baƙon abu. Wanda ya yi shekara goma kan gyaɗa zai iya kallon karas ya ja da baya yana gurnani, kuma idan aka ɗauke gyaɗar rana ɗaya don a tilasta shi, yana iya zama da yunwa har ya galabaita. A hankali ake yi, cikin makonni, wani sa'in watanni. Da safe, lokacin da yunwa ta fi cinsa, a fara sa sabon abincin, gyaɗar ta biyo baya, ana rage ta kaɗan-kaɗan. A yanka ƙanana yau, gobe a rataya babba a jikin waya, a goga masa dafaffen dankali a kan abin da ya saba. Abin da ya fi aiki shi ne mai shi ya zauna kusa da kejin ya ci a gabansa, domin tsuntsun garke ne, abin da ya ga na kusa da shi na ci shi yake yarda da shi. Ana yi ana duba kashinsa kowace safiya, ana taɓa ƙashin ƙirjinsa. Idan kashin ya ragu sosai ko ƙashin ya fara fitowa da kaifi, to ba ya ci, a koma baya a sassauta. Wanda kuma ya riga ya fara faɗowa daga sanda ya wuce gyaran kwano, sai likitan dabbobi, don yana bukatar a ba shi kalsiyam nan take kafin sabon abincin ya fara aiki a jikinsa.